Kafin Gari Ya Hau Kan Bututun AKK

Ranar 30 ga Yunin 2020 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka fi sani da AKK. Tsawonsa kilomita 614, faɗin bakinsa inci 40, kuɗin aikin kuwa an ƙiyasta shi wajen dala biliyan 2.8. An yi alkawarin gamawa cikin shekara biyu, daga nan aka shiga sa rana ana ɗagawa. Tun daga lokacin, muhawarar da ake yi a kansa ba ta wuce tambaya ɗaya ba: yaushe gas zai iso? Masu tambayar suna da hujja. Duk wanda ya ratsa Kakuri ya ga masaƙun da suka zama kangwaye, ko ya shiga Sharaɗa da Bompai da Challawa ya ji yadda kuɗin dizal ke cinye ribar masana'anta, ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin gas ba. Ni ma ina cikin masu ɗokin zuwansa.

Sai dai akwai tambaya ta biyu da ba a cika jin ta ba, ko a majalisa ko a rediyo: su wane ne za su riƙa kwana a gefen wannan bututu, kuma wace doka ce za ta tsare su?

Sanin da mutanenmu suka yi wa gobarar mai, na fetur ne. Mun san Jesse ta jihar Delta, inda fiye da mutum dubu suka ƙone a Oktoban 1998 wajen ɗibar man da ke kwarara daga bututu. Mun san Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 da mahaɗar Dikko a Janairun 2025, inda tanka ta kife jama'a suka ruga da bokitai da jarkoki. Fetur ana ganinsa, ana jin warinsa, kuma sau da yawa yana ba mai hankali damar gudu. Iskar gas ta cikin babban bututu halinta daban ne. Ba ta da launi, kuma a asalinta ba ta da wari. Warin da uwargida ke ji a kicin idan tukunyar gas ta yi yoyo, wani sinadari ne ake zubawa da gangan. An fara tilasta zuba shi ne bayan da gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Maris ɗin 1937, ya tashi da ginin, ya kashe ɗalibai da malamai kusan 300. Manyan bututun da ke ratsa dazuzzuka kuwa, galibi ba a zuba musu wannan sinadari. Ga kuma matsi: tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska ta kimanin fam 30 zuwa 35 a kan kowane inci murabba'i, irin waɗannan bututun kuwa sukan kai dubu ko fiye. Idan ƙarfen ya tsage, ba yoyo ake yi ba, ƙasa ce ke darewa.

Hukumomin Amurka suna da lissafin da suke auna iyakar inda zafin wutar zai iya kisa ko cinye gini idan bututu ya fashe, kuma lissafin ya dogara ne ga abu biyu, faɗin bututun da ƙarfin matsin da ke cikinsa. Mu ɗauka, don misali kawai, bututu mai inci 40 yana aiki da matsin fam 1,000. Lissafin zai ba da kimanin mita 265 ta kowane ɓangare, wato tsawon filin ƙwallo biyu da rabi dama, biyu da rabi hagu. Filin da aka saba keɓe wa bututu ana biyan diyyarsa kuwa bai wuce 'yan gomomin mitoci ba. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai gonaki a yau, gobe kuma akwai gidaje da Islamiyyu da kasuwanni.

Abin da ya faru a San Bruno, wani gari kusa da San Francisco a jihar California, ya cancanci a tsaya a kansa, domin daga can ne mafi yawan sababbin ƙa'idojin Amurka suka samo asali. Da yammacin 9 ga Satumban 2010, lokacin da mutane suka dawo daga aiki, bututun gas mai inci 30 na kamfanin PG&E ya fashe a tsakiyar unguwa. Mutum 8 suka mutu, gidaje 38 suka ƙone ƙurmus. Wani yanki na bututun mai nauyin fiye da tan ɗaya ya yi tsalle ya faɗa can nesa da ramin. Sai da kamfanin ya shafe minti 95 kafin ya iya tsayar da gas ɗin, domin bawul ɗin da za a rufe sai an je an murɗa su da hannu. Duk tsawon wannan lokaci 'yan kwana-kwana suna tsaye suna kallon wutar da babu ruwan da zai kashe ta.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar, NTSB, ta tono abin da ya fi wutar ban tsoro. An binne wannan sashe ne a 1956, an haɗa shi da gajerun guntayen ƙarfe waɗanda waldarsu ba ta cika ba. Takardun kamfanin kuwa sun rubuta cewa bututun ba shi da ɗinkin walda a tsawonsa sam. Wato shekara 54 kamfanin yana lissafin lafiyar wani bututu da ke cikin fayil, alhali wani dabam ne ke kwance a ƙarƙashin gidajen mutane. Ba a taɓa gwada shi da matsin ruwa ba, saboda dokar tarayya ta yafe wa bututun da aka shimfiɗa kafin 1970 wannan gwaji. Hukumar ba ta tsaya kan kamfanin ba, ta ɗora laifi har a kan masu sa ido na jiha da na tarayya, waɗanda suka riƙa karɓar abin da kamfanin ya gaya musu ba tare da sun bincika ba. A 2015 hukumar jihar California ta ci tarar PG&E dala biliyan 1.6, a 2016 kuma kotun tarayya ta same shi da manyan laifuka shida, ciki har da kawo cikas ga bincike.

To, me ya biyo baya? Majalisar ƙasar ta yi sabuwar doka a ƙarshen 2011, amma sai a Oktoban 2019 aka fitar da ƙa'idar da ta tilasta wa kamfanoni su sake tabbatar da iyakar matsin da tsofaffin bututunsu za su iya ɗauka, kuma su riƙe takardun da za a iya bin diddiginsu a tabbatar da su. Ƙa'idar bawul ɗin da ke rufe kansu, ko ake rufewa daga ɗakin kula, ba ta fito ba sai 2022. Ta ce sababbin bututu masu inci 6 zuwa sama dole a iya toshe su cikin minti 30 daga lokacin da aka gane sun fashe. Shekara goma sha biyu ke nan daga gobarar zuwa dokar, a ƙasar da ke da kuɗi da injiniyoyi da kotunan da ke aiki. Ita ma wannan doka ba ta shafi tsofaffin bututun ba. Darasin a fili yake: abin da ba a sa a doka ba tun bututu yana sabo, da wuya a sa shi bayan ya tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan ita ce sa'ar da muke da ita a AKK. Sabo ne. Waɗanda suka yi waldarsa suna raye, hotunan gwajin kowace mahaɗa suna nan, takardun masana'antar da ta ƙera ƙarfen ba su ɓata ba tukuna. Amma duk mun san makomar fayil a ofisoshinmu: gara, ruwan sama, gobarar dare, ko canjin shugabanci. Ya kamata hukumar NMDPRA, wadda dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da bututu da matatu da defo-defo, ta sa ya zama sharaɗin lasisi cewa an ajiye cikakken kwafin waɗannan takardu a hannunta da kuma wani wuri na uku da ba na mai bututun ba. Ya kamata kuma ta fito ta gaya wa jama'a tazarar da ke tsakanin bawul da bawul a inda bututun ya kusanci gari, da mintin da ake buƙata a rufe su. Wannan ba sirrin tsaro ba ne, haƙƙin maƙwabci ne. Haka batun na'urar da ake turawa cikin bututu tana tafiya da gas tana auna kaurin ƙarfe da tsatsa, wadda masu sana'ar suka laƙaba wa suna alade saboda ƙarar da take yi: a ƙayyade duk shekara nawa za a tura ta, kuma wa zai ga sakamakon ban da kamfanin.

Duk da haka, ni a ganina babban haɗarin AKK ba daga cikin ƙarfen zai fito ba. Daga sama zai zo, daga hannunmu.

Wanda ya girma a karkara ya san burtali. Hanya ce da aka ware wa dabbobi tsakanin gonaki, kowa ya san iyakarta, hukuma ta san da ita. Sai wannan ya ƙara kunya biyu bana, wancan ya ƙara uku baɗi, har a wayi gari babu burtali sai rigima. Filin bututu ma burtali ne, kuma abin da ya ci na shanu shi zai ci na gas. Bambancin kawai, shanu suna fitowa a gan su kowace shekara su tuna wa mutane da hanyarsu, bututu kuwa yana kwance shiru, ciyawa ta rufe shi. Bayan shekara goma, yaron da zai gaji gonar bai ga lokacin da aka binne shi ba. Bayan ashirin, dillali ya yanka wurin awon igiya, mai unguwa ya sa hannu, wanda ya saya ya kira masu haƙar rijiyar burtsatse. Dubi yadda Kano ta miƙe ta hanyar Zariya, da yadda Kaduna ta tsallake iyakokinta ta kowace kusurwa, da yadda garuruwan gefen Abuja ke tsirowa kamar naman kaza. Inda aka kira daji a taswirar 2020 ba zai zama daji a 2040 ba.

Legas ta riga mu ganin wannan. A Ijegun, cikin Mayun 2008, motar aikin hanya ce ta caki bututun mai, wuta ta bi unguwa har kusa da makaranta. A Abule Ado, da safiyar Lahadi 15 ga Maris ɗin 2020, fashewar ta rusa makarantar 'yan mata ta Bethlehem, ta kashe mutum fiye da 20, cikinsu har da shugabar makarantar, Sista Henrietta Alokha, wadda ta rasu tana ƙoƙarin fitar da ɗalibanta. NNPC ta ce wata babbar mota ce ta bugi tukwanen gas da aka jibge kusa da bututunta. Bayan 'yan watanni sashen binciken BBC ya fitar da hotunan bidiyo da ra'ayin masana da ke nuna cewa daga bututun kansa tururin ya fito. Waɗannan bututun mai ne ba na gas ba, amma ciwon ɗaya ne: gari ya hau kan bututu, babu wanda ya hana. Ko a Turai, inda ake ganin komai a rubuce yake, abin ya faru. A Ghislenghien ta ƙasar Beljiyam, injin masu ginin wata masana'anta ya karce bututun gas, aka mayar da ƙasa aka rufe. Bayan 'yan makonni, ranar 30 ga Yulin 2004, ya fashe ya kashe mutum 24, cikinsu akwai 'yan kwana-kwanan da aka kira saboda an ji yoyo.

Ƙa'idar Amurka tana da wata dabara a nan da ta dace mu aro. Ana ƙirga gine-ginen da ke cikin mita 200 ta kowane gefen bututu a tsawon mil ɗaya. Idan ba su wuce 10 ba, wurin aji na ɗaya ne. Daga 11 zuwa 45, aji na biyu. Daga 46 zuwa sama, aji na uku. Inda benaye masu hawa huɗu suka yi yawa, aji na huɗu. Kowane aji yana da iyakar nauyin da za a ɗora wa ƙarfen: kashi 72 cikin ɗari na ƙarfinsa a daji, 60 a aji na biyu, 50 a na uku, 40 a tsakiyar birni. Idan gari ya girma ajin wuri ya canza, dole kamfanin ya rage matsi, ko ya sake gwaji, ko ya canza bututun da mai kauri. Injiniyoyinmu sun san wannan tsari sarai, a makaranta suka karanta shi. Abin tambaya shi ne wa zai riƙa fita yana ƙirga gidajen duk shekara, kuma wa zai iya duban kamfanin gwamnati ya ce masa rage matsi, alhali rage matsi rage kuɗi ne da rage wutar lantarki.

Nan ne gizo ke saƙa. Bututu na tarayya ne, hukumar da ke sa ido a kansa ta tarayya ce, kamfanin NNPC da ya mallake shi na gwamnatin tarayya ne. Ƙasa kuwa, bisa dokar mallakar filaye ta 1978, tana hannun gwamnoni, ta karkara kuma ƙananan hukumomi ke ba da izinin amfani da ita. Izinin gini yana wurin irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. A aikace, rabin cinikin filaye a gefen garuruwanmu ba ya kaiwa ko ɗaya daga cikin waɗannan ofisoshi, yana ƙarewa ne a zauren dagaci. Wanda ya san inda bututun yake ba shi da iko a kan fili, wanda ke da iko a kan fili bai san inda bututun yake ba. Duk wata tsauraran ƙa'ida da za a rubuta a Abuja, idan ba ta ɗinke wannan ɓaraka ba, ado ce. Majalisun jihohin Kogi da Neja da Kaduna da Kano, da hukumar birnin tarayya, suna iya yin doka tun yanzu da za ta sa layin bututun cikin taswirar filaye ta jiha, ta hana ba da takardar mallaka a kan filinsa, ta kuma hana gina makaranta ko asibiti ko kasuwa ko tashar mota a cikin tazarar da wuta za ta iya kaiwa sai an tuntuɓi masu bututun. Noma ba ya cutar da bututun da aka binne da zurfi, a bar manomi ya yi shukarsa. Haƙa ce abin tsoro: rijiya, shadda, kududdufin bulo, ramin masu ɗibar yashi. A Amurka tun 2007 akwai lambar waya guda, 811, da mai niyyar haƙa ke kira kyauta a zo a nuna masa abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ba fasaha ce mai wuya ba a ƙasar da kowane mai tura baro ke da waya.

Na san abin da za a ce: idan aka bayyana inda bututu ya bi, an nuna wa ɓarayi da 'yan bindiga hanya, ga shi kuwa ya ratsa dazuzzukan Neja da Kaduna da kowa ya san halin da suke ciki. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Ramin kilomita 614 da aka haƙa da katafila da rana tsaka ba ya ɓoyuwa ga mai mugun nufi. Wanda ɓoyewar ke cutarwa shi ne bawan Allah da zai sayi fuloti da kuɗin fanshonsa. Hasali ma sanarwa kariya ce: wanda ya san gas ne a ciki ya san babu abin da zai ɗiba a jarka, wanda bai sani ba shi ne zai zo da zarto yana zaton fetur ne. Akwai kuma wutar daji, wadda mu a nan muke cinnawa duk hunturu don farauta ko sharar gona. A farkon Janairun 2018 wuta ta kama bututun gas na Escravos zuwa Legas kusa da Okada a jihar Edo, tashoshin lantarki suka rasa gas, ƙasa ta faɗa cikin duhu. NNPC ta ce wutar daji ce sanadi.

Za a kuma ce tsaurara doka na ƙara tsadar gas, ya kori masu zuba jari. Gaskiya ne bawul mai rufe kansa da sintirin layi da gwaji a kai a kai duk kuɗi ne. Amma a ɗora su a sikeli da dala biliyan 2.8, a kuma tuna cewa tarar San Bruno kaɗai ta haura rabin wannan adadi. Masana'antar da za ta cire injin dizal ta koma gas tana son tabbacin cewa layin ba zai tsaya wata uku ba saboda wani ya haƙa shadda a kansa.

Saura batun wa zai yi bincike idan abin da ba a fata ya auku. A Abule Ado mai bututun ne ya fara ba da labarin abin da ya faru, kuma 'yan jarida ne suka zo suka ƙalubalance shi. A San Bruno hukumar da ba ta ba da lasisi, ba ta karɓar kuɗin kowa, ita ta yi bincike, shi ya sa ta iya nuna yatsa ga kamfani da masu sa ido gaba ɗaya. Muna da irinta: NSIB, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa aikinta daga haɗarin jiragen sama zuwa na jiragen ƙasa da na ruwa. Majalisar tarayya ta ƙara mata bututu a fili ƙarara, da sharaɗin buga rahoto kowa ya karanta. NMDPRA ba za ta iya zama alƙali a shari'ar da ita ma za a iya tuhumarta da sakaci ba. Kuma tunda ana maganar wata rana layin zai zarce daga Kano ya ratsa Jamhuriyar Nijar zuwa Aljeriya, abin da muka tsara a wannan ɓangare shi 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka za su tarar a matsayin misali.

Akwai abu ɗaya da gwamnonin da abin ya shafa za su iya yi cikin wannan watan ba tare da jiran Abuja ba. Su tara jami'an kashe gobara na garuruwan da ke kan layin, su kira masu bututun su koya musu abin da 'yan'uwansu na Beljiyam suka biya da rayukansu: wutar babban bututun gas ba a tunkararta da mesa, ana janye mutane nesa ne, a kashe duk abin da ke iya tayar da tartsatsi, a kira ɗakin kula a rufe bawul. Limamai da masu unguwanni da shugabannin makarantun da ke kusa su ma a gaya musu alamomin yoyo: ƙara kamar ta jirgi daga ƙarƙashin ƙasa, ƙura na tashi ba iska, ruwan kududdufi na tafasa ba wuta, ciyawa ta bushe a wuri guda cikin damina. Turakun da ke nuna layin kuma a kafa su kusa da juna yadda daga ɗaya za a hango na gaba, a rubuta gargaɗin da lambar wayar ɗakin kula a jikinsu da Hausa, boko da ajami, a kuma sa wanda zai ɗaga wayar ko da ƙarfe biyun dare ne.